ZAZZAƁI YA SAUKA, KO JIKI NE YA GAZA? (Rubutaccen shirinmu na wannan mako)

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda suka fi son su karanta a nutse. Yana da ɗan tsawo, amma don Allah ku daure ku kai ƙarshe, musamman in akwai jariri ko tsoho a gidanku.

Yau da labarin gidanmu zan fara.

Shekara uku ke nan, a tsakiyar hunturu, kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata, ta kwanta zazzaɓi a gidanmu na cikin gari. Kwana biyu jikinta kamar garwashi. Aka karɓo maganin maleriya a kemis, aka haɗa mata da farasitamol. Rana ta uku da asuba Gwaggo ta shiga ɗakin, ta ɗora hannu a goshinta, ta fito tana hamdala: "Alhamdu lillahi, zazzaɓi ya sauka, jiki ya yi sanyi ƙalau." Kowa ya saki ransa. Ni kaina na koma barci.

Da hantsi wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta shigo dubiya. Ta ce, "Sannu Iya, ya jiki?" Iya ta amsa, amma da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina firamare ta kira ta. Matar nan ta yi shiru. Ta tsaya tana kallon ƙirjin Iya tana duba agogo, sannan ta tambayi Gwaggo yaushe rabon Iya da fitsari. Aka yi lissafi, tun jiya da azahar. Ta aika gida aka ɗauko mata ma'aunin zafin jiki, ta sa a hammata. Ya nuna 35.2.

Ta ce, "Hajiya, a nemo adaidaita yanzu."

Gwaggo ta ce, "Haba 'yar nan, jiki ya yi sanyi kuma ki ce asibiti? A bari Alhaji ya dawo daga kasuwa da la'asar mana."

Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, la'asar ta yi nisa."

Lungunmu mota ba ta shiga, a kujera muka ɗauko Iya har bakin titi. Zan dawo kan abin da aka gano a ƙarshen shiri. Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan kuskuren da muka yi, don ba mu kaɗai ke yin sa ba. Mu a wurinmu zafin jiki shi ne ciwo, sanyin jiki shi ne sauƙi. Sau da yawa haka ne. Amma akwai lokacin da sanyin ya fi zafin haɗari nesa ba kusa ba.

NAWA NE DAIDAI?

Kowa ya haddace 37 tun a makaranta. Wannan lambar wani likita Bajamushe ne ya kafa ta, Carl Wunderlich, a littafin da ya fitar a 1868 bayan ya auna marasa lafiya wajen dubu 25 a birnin Leipzig. A 1992 wasu likitoci a Amurka suka sake aunawa da kayan zamani, suka samu matsakaicin ya fi kusa da 36.8. Wato 37 ɗin nan ba turke ba ne. Lafiyayyen mutum yana yawo tsakanin 36 da 'yan kai zuwa 37 da 'yan kai. Da asuba ya fi yin ƙasa, da yamma ya ɗan hau. Don haka in ka auna kanka bayan sallar asuba ka ga 36.1 alhali garau kake, ka sha kokonka ka tafi harkarka.

Daga 38 zuwa sama, zazzaɓi ne. Ƙasa da 35, likitoci suna kiran sa haifotamiya, wato faɗuwar zafin jiki, kuma wannan gaggawa ce ko da me ya kawo ta. Sai kuma tsakani: mutumin da ba shi da lafiya, ma'auni ya nuna ƙasa da 36. Wannan likita ba ya wuce shi, yana ɗaukar sa da nauyin da yake ɗaukar zazzaɓi mai zafi.

ZAZZAƁI AIKIN WA NE?

Yawancinmu mun ɗauka ƙwayar cuta ce take ɗumama jiki. A'a, jikin ne da kansa yake hura wutar. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ake kira haifotalamas, shi ne mai saita zafin jiki. In ƙwayar cuta ta shigo, sojojin garkuwar jiki suna sakin wasu sinadarai a jini, saƙo ya isa wurin nan, sai ya ɗaga saitin daga 37 zuwa 39 ko fiye. Dalili kuwa, ƙwayoyin cuta da dama ba sa jin daɗin hayayyafa a cikin zafi, su kuma sojojin jiki sun fi kuzari a cikinsa.

Shi ya sa a farkon zazzaɓin maleriya za ka ga mutum yana rawar ɗari, haƙora na kaɗawa, yana cewa a ƙaro bargo. Ku lura da wannan da kyau: yana JIN sanyi ne, amma in ka auna shi zafi ne ke hawa. Rawar ɗarin ita ce hanyar da tsoka take samar da zafi. Jin sanyi daban, jiki ya yi sanyi daban. Yau a kan na biyun muke magana.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu gurasa a Jakara zai gane abin da zan faɗa. Tanderu yana hucewa ne saboda dalili biyu. Ko dai an gama gashi an janye wuta, ko kuma makamashi ya ƙare alhali ga ƙullu nan jibge ba a gasa ba. In ka taɓa bangon tanderun, a duka biyun sanyi za ka ji. Hannu ba zai bambance maka ba, sai ka duba ko aiki ya ƙare. Jikin ɗan'adam haka yake. Hura zazzaɓi yana cin ƙarfi sosai, yana buƙatar suga a jini, da iska a huhu, da zuciya mai harba jini yadda ya kamata. In waɗannan suka gaza, wuta za ta mutu, cutar kuwa tana nan daram.

To ta yaya za ka gane wanne ne? Ka bar goshi, ka kalli mutumin. Wanda zazzaɓinsa ya sauka don sauƙi zai yi gumi, ya buɗe ido ya gane kowa, ya nemi kunu ko shayi, ya tashi ya zaga bayan gida, numfashinsa ya daidaita. Yaro zai fara rigima yana neman sauka daga gado. Wanda jikinsa ya gaza kuwa sanyi yake yi yana ƙara nutsewa: barci mai nauyi da wuyar tashi, magana ba kai, numfashi sama-sama, hannu da ƙafa sanyi da danshi, fitsari ya ɗauke ko ya zama ɗan kaɗan mai duhu.

SEFSIS

Babban abin da ake tsoro a nan sunansa sefsis. Wasu na ce masa gubar cuta a jini. Abin da ke faruwa shi ne, cuta ta kama wani wuri, huhu ko mafitsara ko hanji ko mahaifa bayan haihuwa ko wani miki a ƙafa, sai martanin jiki ya wuce gona da iri har ya koma yana lalata gaɓoɓin mutum da kansa. Jijiyoyin jini su saki, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu, hawan jini ya faɗi, ƙoda da ƙwaƙwalwa su rasa isasshen jini. Ruɗewar Iya da ɗaukewar fitsarinta daga nan suka fito.

Ba ƙaramin abu ba ne. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai mutum kusan miliyan 49 suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka mutu. Wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a shekarar. Kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara suna cikin inda abin ya fi tsanani. A 2017 ɗin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri na musamman a kansa, kuma duk 13 ga Satumba ake tunawa da shi a duniya.

Yanzu ga inda zancen ya haɗu da namu. Tun farkon shekarun 1990 da likitoci suka zauna suka tsara alamomin sefsis, zafin jiki ta fuska biyu suka rubuta shi: sama da 38, KO ƙasa da 36. A 2017 wasu masana a Jami'ar Pécs ta ƙasar Hungary suka tattara bincike 42 da suka ƙunshi masu sefsis sama da dubu goma, suka raba su gida uku. Cikin masu zazzaɓi, kusan 22 cikin ɗari suka mutu. Cikin waɗanda zafin jikinsu yake daidai, kusan 31. Cikin waɗanda jikinsu ya yi sanyi, kusan 47. Kun ji fa. Wanda jikinsa ya yi sanyi, haɗarinsa ya ninka na mai zazzaɓi. Wani ɓangare na dalilin shi ne waɗannan tun asali su ne masu rauni. Wani ɓangaren kuma shi ne jinkiri, don mai zazzaɓi da gudu ake kai shi asibiti, shi kuwa mai sanyin jiki sai a ja masa bargo a ce a bar shi ya huta.

Akwai mutum iri uku da wannan abu ya fi samu, kuma duka ukun muna da su a kusan kowane gida.

NA FARKO: JARIRAI

A nan zan fi daɗewa. Jariri sabon haihuwa bai iya rawar ɗari ba. Fatarsa siririya ce, kitsensa kaɗan, kansa kuma babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, ta nan zafi yake zurarewa. Abin da yake da shi kawai wani kitse ne na musamman a tsakanin kafaɗu da wuya da yake ƙonawa ya samu ɗumi, shi ma bakwaini bai gama tara shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da aka bari a jiƙe bayan haihuwa zai iya rasa digiri 2 zuwa 4 cikin minti goma zuwa ashirin na farko. Ta kuma ce jariri tsirara a ɗaki mai digiri 23 yana asarar zafi kamar babban mutum tsirara a wuri mai digiri sifiri. Ku haɗa wannan da daren hunturu a Kano, da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15 a Disamba da Janairu.

Daidai ga jariri shi ne 36.5 zuwa 37.5. Daga 36.4 zuwa 36 ya fara jin jiki, a ɗumama shi. Ƙasa da 35.5 kuwa alamar haɗari ce da ke cikin littafin aikin ma'aikatan lafiya, daidai take da zazzaɓi. Domin jariri ɗan ƙasa da wata biyu in cuta ta shige shi, sau da yawa ba ya yin zazzaɓi sam. Sanyi yake yi, ya daina kama nono, ya yi laƙwas, ba ya motsi sai an taɓa shi. Sai a yi ta yabonsa, "Kai, yaron nan akwai haƙuri, ko kuka ba ya yi." 'Yar uwa, jaririn da ya tsallake shan nono sau biyu a jere kuma ba ya kukan yunwa, ba haƙuri ba ne. Sauran alamomin su ne numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, ƙirji yana lotsawa ciki sosai, da jijjiga. Ko ɗaya aka gani, asibiti.

Ta ina cutar take shiga? Sau da yawa ta cibiya. Gashin cibiya da tsumma, shafa man goge baki, toka, duk ƙofa ce. Akwai man kuloheksidin da gwamnati ta amince da shi don cibiya, ana samun sa a asibiti da kemis, shi kaɗai ya isa. Sai kuma askar da ba a tafasa ba wajen cire beli ko tsaga.

Sannan wanka. Na san al'ada ce ana haihuwa unguwarzoma ta sulluɓe jariri tas. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a goge shi da busasshen zane nan take, a canza wani busasshen, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a jinkirta wanka zuwa awa 24. Na san faɗa wa kaka wannan sai an shirya. A bi ta da ladabi, a ce likita ne ya ce, kuma gaskiya ne likitan ne ya ce.

In babu ma'auni, ga dabara. Ki taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa da bayan hannunki. In duka da ɗumi, lafiya. In ciki da ɗumi ƙafa da sanyi, ya fara sanyi, ki sa shi a ƙirji ki ba shi nono. In duka biyun sanyi ne, ki sa shi a ƙirjin, ki rufa, ku kama hanyar asibiti a haka.

Wannan goyon ƙirji ba ƙaramar dabara ba ce. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, lokacin da wani likita, Edgar Rey, ya rasa isassun kwalaben sa bakwaini, sai ya mayar da ƙirjin uwa kwalba. Ana ce masa goyon kangaru. A 2021 aka buga wani gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, ciki har da Najeriya a asibitin koyarwa na Ile-Ife, aka ga fara goyon nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jariran da nauyinsu bai kai kilo 1.8 ba da kashi ɗaya cikin huɗu. Mu da muka gaji goyo, bambancin kawai shi ne a gaba ake yin sa, ba riga tsakanin uwa da ɗa, daga shi sai nafkin da hula. Kuma samari ku ji, uba ma yana yi in mai jego ta gaji. Ba abin kunya ba ne.

NA BIYU: YARO MAI TAMOWA

Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, jikinsa ya riga ya rage wuta don ya tsimi ɗan abin da ya rage. Irin wannan yaro zai iya ɗauke da limoniya ko cuta a jini ba tare da ko ɗigon zazzaɓi ba. A matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara na jinyar tamowa mai tsanani, na ɗaya shi ne faɗuwar suga, na biyu faɗuwar zafin jiki, kuma tare suke tafiya. In hammata ta nuna ƙasa da 35, ana ɗauka cewa suga ya faɗi kuma akwai cuta a jiki, a fara maganin duka a lokaci guda. Shi ya sa a ɗakin jinyar tamowa ake ba yara madara ta musamman duk bayan awa biyu, har cikin dare, don tsakar dare zuwa asuba ne suka fi yin sanyi. In kana da ƙani ko ɗan yaya da ya rame irin haka, kada a jira zazzaɓi kafin a kai shi. Ƙila ba zai zo ba.

NA UKU: TSOFAFFI

Da shekaru garkuwar jiki takan yi sanyin gwiwa, tsoka ta ragu, zafin jikin ma na yau da kullum ya ɗan sauka. Likitocin tsofaffi sun daɗe da lura cewa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na tsofaffin da ke da cuta mai tsanani ba sa nuna zazzaɓin kirki. Abin da za ka gani shi ne canjin hali. Tsohon da jiya ya je masallaci da ƙafarsa, yau ya kasa tashi, ya ƙi abinci, yana fitsari a kwance, yana zancen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Mu kuma nan take sai mu ce tsufa ne, ko rikicin tsufa ya fara. Rikicin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo dare ɗaya ciwo ne har sai likita ya tabbatar ba shi ba ne.

SAURAN DALILAI A TAƘAICE

Maleriya mai tsanani tana da wani nau'i da jiki ke yin sanyi da danshi, hawan jini ya faɗi. Amai da gudawa ma haka, ruwa ya ƙare, ido ya zurma, fata ta yi sanyi. Mai ciwon suga da ya sha magani ko ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, zai yi gumi mai sanyi, jiki na karkarwa. Ciwon ƙoda ko hanta da ya yi nisa, da raunin maƙoƙon wuya da ake kira tayirod, su ma suna sauke zafin jiki.

Biyu kuma sun shafe mu matasa kai tsaye. Ƙwayoyin sa barci da kodin da makamantansu suna dagula saitin zafin jiki, ga shi mutum ya bingire a waje cikin hunturu bai san inda kansa yake ba. In kun tsinci aboki a haka, jiki sanyi, numfashi a hankali, kada ku ce a bar shi ta sake shi. Sai kuma magungunan ƙiba da ake sha ba da izinin likita ba. Da yawansu akwai sitiroyid a ciki, shi kuwa yana danne garkuwar jiki, ya ɓoye zazzaɓi, cuta ta yi ta ci a ɓoye. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke dare ɗaya, shi ma haɗari ne, ta je likita ya janye mata a hankali.

A AUNA, KADA A ƘIYASTA

Ma'aunin zafin jiki mai batir bai kai kuɗin datar da muke ƙonawa a wata ba. Ku saya ku ajiye a gida. A goge hammata ta bushe, a sa bakin ma'aunin can tsakiya, a matse hannu har ya yi ƙara. Ku sani hammata takan nuna ƙasa da ainihin zafin ciki da kusan rabin digiri. In kun ga lamba ta yi ƙasa, ku sake aunawa a ɗaya hammatar. In na gilashi ne, sai an kaɗa shi ya sauka tukuna, kuma yawancinsu daga 35 suke farawa, don haka in bai motsa ba sam bayan minti biyar, kada a ce ya lalace, ƙila mutumin ne ya yi ƙasa da haka. Wannan na goshi mai kama da bindiga da ya cika gari lokacin korona a 2020, fata kawai yake aunawa, iskar hunturu tana ruɗa shi, kada a dogara da shi shi kaɗai. In naku yana nuna casa'in da wani abu, ma'aunin Amurka ne: 98.6 shi ne 37, 96.8 shi ne 36, 95 shi ne 35.

Sannan ku ƙirga numfashi na minti ɗaya cur da agogon waya. Babba, 22 ko fiye abin damuwa ne. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ɗan wata biyu zuwa shekara, 50.

ME ZA A YI KAFIN A ISA ASIBITI?

A cire jiƙaƙƙun kaya, a sa busassu, a rufe kai, a lulluɓa, a raba shi da sanyin siminti. In yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi abu mai ɗumi da suga. Jariri nono kawai, in ya kasa kamawa a tatsa a ba shi da cokali a hankali. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai, zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe.

Kada a ba shi farasitamol, ba zafin da za a sauke. Kada a yi masa wanka da ruwan zafi, kada a manna masa gorar ruwan zafi a fata, zai ƙone bai sani ba. Kada kuma a kunna gawayi a rufe ɗaki. Hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane a cikin barci. Kuma ɗumamawar nan a hanya ake yin ta. Bargo ba ya kashe ƙwayar cuta. Abin da ke ceton mai sefsis shi ne allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, da ƙarin ruwa, da iskar oksijin in ana buƙata, kuma ƙa'idar likitoci ta duniya ita ce wanda jininsa ya faɗi a fara masa cikin awa ɗaya. Wannan ba aikin kemis ba ne.

Mu 'yan cikin gari Allah ya rufa mana asiri da kusanci. Asibitin Murtala yana nan Ƙofar Mata, asibitin yara na Hasiya Bayero yana kusa da gidan Sarki, ga Asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya. Daga Yakasai, Ƙoƙi, Mandawari ko Gwammaja duk tafiyar adaidaita ce. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yau ku ajiye lambar mai adaidaita ɗaya na unguwa da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. In kun isa, kada ku tsaya a "jikinsa ne ba daɗi". Ku faɗi abin da kuka gani: kwana nawa yana ciwo, lambar da ma'auni ya nuna, yaushe rabonsa da fitsari, yaushe ya fara ruɗewa. Ku tafi da kwalayen duk maganin da ya sha, har na gargajiya.

Iya kuwa, ciwon mafitsara ne ya haura ƙoda ya shiga jini, ba maleriya ba ce tun farko. Ta yi kwana tara a gadon asibiti, ukun farko ba ta san wanda ke kanta ba. Likitan da ya karɓe ta ya ce wa babana da an kai yamma da labari ya sha bamban. Yanzu haka tana nan da ranta, tana yi mana faɗan mun cika danna waya. Gwaggo kuma ita ce mai ajiyar ma'auni a gidan, a cikin kwallarta take ɓoye shi, kuma ko jikanta ne ya yi atishawa sai ta auna.

Aikinku na wannan makon guda biyu ne. Ku sayi ma'auni, sannan ku karanta wa Umma ko Hajiya sashen jarirai da na tsofaffi, don su ne a bakin gadon marar lafiya, ba mu ba. Wanda ya taɓa ganin irin wannan a gidansu ya ba mu labari a ƙasa, ba sai ya ambaci suna ba. Tambayoyinku kuma za mu ɗauko su a farkon shiri na gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya raya mana jariranmu, ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu nisan kwana mai albarka. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.